Lambar da ke damtsena

Ƙarar ludayi ce farkon abin. Ina tsugune gaban murhu da safe ina kwashe ragowar koko, sai na ji ƙwas a bayana, ludayin duma ya bugi bakin ƙwarya. Ban juya nan take ba, don gidan yara ba ya rabuwa da irin wannan ƙara. Shirun da ya biyo baya ne ya sa na waiwaya. Uwani ce zaune a kan tabarma, ƙwaryarta cike, ta dafe wuya da hannu ɗaya tana kallon kokon kamar an miƙa mata magani. Yarinyar da sai an ƙwace ƙwarya daga hannunta, don kada ta huda ta da lasa. Na tambaye ta ko suga ne bai ji ba, ta girgiza kai, ta ce maƙogwaronta ne ba ya karɓa. Na taɓa goshinta na ji zafi, na shafa ƙasan haɓarta na ji ƙulalai biyu kamar 'ya'yan kurna a ƙarƙashin fata.

Ina rubuta wannan ne dominku, 'ya'yana da jikokina, saboda na san abin da ake faɗa a dangi game da waccan shekara. Wasu sun ce na fifita jika a kan 'yar cikina. Wasu sun ce ɗan karatun lakwal, wato boko, da na yi ne ya hau mini kai, har na ɗauki maganar rediyo na ajiye ta jinina. Ban taɓa tankawa ba, don ba na son jayayya da mutanen da muke haɗuwa a biki da makoki. Amma ido ya fara gajiya, kuma ba na so in tafi in bar muku labarin a bakin waɗanda ba su shiga ɗakin ba.

Uwani 'yar Rabi ce, Rabi kuwa ita ce babbar 'yata. Sunan mahaifiyata aka sa wa yarinyar, shi ya sa bakina bai taɓa furta sunanta na yanka ba. A lokacin ba ta cika shekara bakwai ba. Suna zaune can kudu, a wani gari na bakin teku inda mijin Rabi, Ila, yake sayar da albasa. Cikin da Rabi ta yi bayan Uwani, a can ta haife shi, a hannun baƙi, kuma yaron bai zo da rai ba. Ta gaya mini a salula cewa abin da ya fi yi mata ciwo ba naƙudar ba ce, a'a, ta yi ta kiran sunana ne babu mai amsawa. Don haka da ta sake samun ciki ta rantse cewa wannan karon a Damagaram za ta haihu, a ɗakina, hannunta cikin nawa. Ta iso da bazara, ciki ya tsufa, ƙafafu a kumbure, tana janye da Uwani. Na share mata ɗaki, na tanadi itacen wankan jego tun kafin ta sauka daga mota, na sa aka niƙo kanwa da kayan yaji na kunu. Duk wanda ya shigo gidanmu na unguwar Birni a kwanakin nan ya ga tulin itacen nan a gindin bango, ya yi mini ba'a cewa ni ce mai cikin.

Zazzaɓin Uwani mun ɗauke shi abin yau da kullum. Muka ba ta maganin zafin jiki, ya sauka, ya dawo. Sai ƙuraje suka fara fitowa a goshinta da gefen bakinta. A ranar ne Yaya Hajo ta zo daga unguwar Zango, yayar mahaifinku Malam, wadda duk kun san bakinta. Ku da kuka san ta da tsufa kun saba da fuskarta, wataƙila ba ku taɓa tambayar abin da ya sassaƙe ta haka ba. Zanzana ce, tabon agana da ta yi tana ƙarama a Gaffati, ciwon da ya ɗauke ƙannenta biyu ya bar ta. Ta leƙa fuskar Uwani daga tsaye ta ce ƙaranbau ce, ba wani abu ba, a tattaro 'ya'yan ɗana Sani su uku da ke sashen gaba a haɗa su da ita a tabarma ɗaya, su yi su gama lokaci guda, haka iyayenmu suke yi. Ta ƙara da cewa matan yanzu ko zufa yaro ya yi sai sun nemi likita. Tana cikin wannan surutu Uwani ta miƙa mata hannu don gaisuwa. Yaya Hajo ta kama hannun, ta juya shi, ta buɗe tafin. Ƙuraje uku ne a tsakiyar tafin, masu tauri, kowanne da ɗan rami a kansa kamar cibiya. Ta sa yarinyar ta ɗaga ƙafa, ta duba tafin ƙafar. Sannan ta tashi ta je bakin randa ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, abin da ban taɓa ganin ta yi ba ko da za ta ci tuwo.

«Kada a haɗa su,» in ji ta. «Na janye maganata. Wannan baƙon yana kama da wani da na sani.»

Ba ta faɗi sunansa ba, don mutanen zamaninsu ba sa kiran wannan ciwo da suna. Da yamma kuma Ila ya kira, yana cikin gaisuwa ya ambata cewa yara biyu a gidan hayarsu sun yi ƙuraje, ɗayan ma an kwantar da shi, kuma masu asibitin can suna cewa ƙyandar biri ce. Su ne yaran da Uwani take kwana a cikinsu idan zafi ya kore su tsakar gida. Rabi ta ajiye salula ta yi ajiyar zuciya, ta ce to alhamdu lillahi, in dai ƙyanda ce an yi wa Uwani allurarta tun tana goye, har sau biyu. Malam ma ya yi dariya ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin biri a Birni ba sai na masu wasa, kuma ko shi an daɗe ba a kawo ba. Kowa ya sami inda ya jingina a cikin sunan nan, wannan ya riƙe ƙyanda, wancan ya riƙe biri. Ni kaɗai na kasa zama. Na share tsakar gidan da na riga na share, na sake jera kwanonin da ke jere, ina ta ganin Yaya Hajo tana wanke hannu.

Washegari na lulluɓe Uwani da zane na kai ta gidan likita na unguwa. Majo, wato shugabar masu jinya ta wurin, mace ce da ba za ta girmi Rabi ba. Ta sa safar roba, ta duba bakin yarinyar da tafukanta da wuyanta, ta tambayi inda suka fito. Ta ce sunan ne yake ruɗin mutane: wannan ciwo ba dangin ƙyanda ba ne, ɗan'uwan agana ne, allurar ƙyanda ba ta san da zamansa ba, kuma ba sai an ga biri ba, tabarma ɗaya da zane ɗaya sun isa. Ta ɗebi ruwan ƙurji ɗaya ta ce za a aika babban birni a gwada, amma kafin amsa ta zo sai mu ɗauka shi ne. Tunda yarinyar tana iya haɗiyar ruwa, za a iya jinyarta a gida, da sharaɗin ɗaki ɗaya, mai jinya ɗaya, har sai ɓawon ƙarshe ya faɗi sabuwar fata ta fito. Sai ta tambaye ni su wa ke gidan. Da na ambaci mai ciki ta ajiye alƙalaminta. Ta ce wannan kam ba za ta kwana a gidan ba, don ciwon yana iya ratsawa har ga abin da ke ciki, kuma jariri sabon haihuwa ba shi da ƙarfin ɗaukarsa. Na ce mata ai uwar yarinyar ke nan. Ta ce ta gane. Ta kalle ni, sannan ta ce:

«Inna, ki yi haƙuri, ɗaga mini hannun rigarki na hagu.»

Na ɗaga, ina mamaki. Ta sa yatsa a kan lambar da ke damtsena.

Wannan lamba na girma ina jin haushinta. Ina iya tuna ranar da aka yi mini ita, ko da yake ina ƙarama ƙwarai. An tara mu a gindin wata bishiya a ƙofar mai unguwa, wasu mutane da farar mota suna riƙe da wani abu kamar bindiga, suna ɗora wa yaro a damtse, ya yi tsit, yaro ya tsala ihu, a turo na baya. Mata da yawa sun ɓoye 'ya'yansu a rumbu da bayan randa. Ni ma mahaifiyata ta tura ni ƙarƙashin gado, mahaifina ne ya jawo ni ta ƙafa ya kai ni da kansa. Wurin ya kumbura, ya yi ruwa, ya bushe, ya bar tabo mai faɗin dala, da ƙananan ramuka. Da na zama budurwa nakan sa tela ya sauko mini da hannun riga don ya rufe ta. Shekara da shekaru ban sake tunawa da ita ba sai in ina wanka.

Majo ta ce lambar agana ce, kuma tun da aka ga bayan agana a duniya aka daina yin ta, saboda haka duk wanda aka haifa bayan haka, a kowace ƙasa yake, damtsensa fili ne. Ita kanta ta nuna mini nata, sumul. Ta ce lambar ba katanga ba ce, mai ita ma yana iya kamuwa, dole in sa safa in rufe hanci da baki, amma tana rage kaifin abin, kuma a gidanmu babu wanda ya fi ni dacewa ya shiga ɗakin. Ta kuma gaya mini abin da ban so ji ba, cewa in na shiga na shiga ke nan, ba zan riƙa fitowa ina taɓa mai ciki ko jariri ba.

A hanyar komawa gida na san abin da aka ɗora mini, ko da yake ban yarda na kalle shi ba sai da na ga tulin itacen nan a gindin bango. Na wuce da Uwani kai tsaye ɗakin baya, inda Malam yake ajiye fatun dukancinsa, na sa shi ya kwashe su. Rabi ta biyo mu tana jan ƙafa, hannu a ƙugu. Na tsaya a bakin ƙofa na saki labule a bayana, na gaya mata abin da majo ta ce, na ce ta haɗa kayanta, Yaya Hajo za ta karɓe ta a Zango. Da farko ta ɗauka wasa nake. Sai ta ce ai tun daga kudu tare suke kwana, in kamuwa ce da ta riga ta kamu. Na ce Allah ya tsare ta zuwa yau, ba za mu ƙara gwada shi ba. Uwani ta ji muryarta daga ciki ta fara kiran Mama. Rabi ta matso za ta ɗaga labulen, na buɗe hannuwana na tare ƙofar, ina ja da baya don kada jikina ya taɓa nata.

«Inna, ki matsa. Ni na haife ta.»

«Na sani. Ki tafi Zango, Rabi.»

«Ke kuma fa? In naƙuda ta tashi?»

Ta dube ni ta gane amsar. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce a hankali:

«Na yi tafiyar kwana da kwanaki da wannan ciki don kada in sake kira babu mai amsawa.»

Ta juya. Kafin la'asar Sani ya kai ta Zango, ya dawo ya kwashe itacen a amalanke ya bi ta da shi. Ina jin ƙarar faɗuwar kowane ice a cikin amalanken daga inda nake zaune.

Zaman ɗakin nan ban san yadda zan kwatanta muku shi ba. Warin jima bai bar bangon ba, zafin bazara kuma ya sa rufin kwano yana ƙara da rana kamar ana taka shi. Ƙurajen suka bazu, fuska, hannu, ƙirji, har cikin baki, suka cika da ruwa, suka zama kamar an yayyafa mata wake. Ciwo suke mata fiye da ƙaiƙayi. Kunu nake ɗiga mata da cokali kaɗan-kaɗan, tana haɗiya tana matse ido. Ɗaya ya fito a fatar idonta na dama, shi ne ya fi hana ni sukuni, don majo ta ce in ya shiga cikin ido yana iya tafiya da gani. Na yanke mata farce, na riƙa riƙe hannunta in ta yi barci. Zannuwanta ni nake wankewa a bokiti daban da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, in shanya a igiya daban. Abinci matar Sani take ajiyewa a kan wani dutse a tsakar gida ta koma, sannan in fito in ɗauka. Malam yakan tsaya daga nesa bayan kowace salla ya yi sallama, ya tofa addu'a ta wajenmu, ya ce wa Uwani amaryarsa ta yi sauri ta warke don ya gaji da tuwon tsohuwa. Ni kuwa ko a salla hankalina a rabe yake, rabi yana kan tabarmar da ke gefena, rabi yana Zango. Nakan idar in kasa tuna ko raka'a nawa na yi, in sake. Na roƙi Allah gafara a kan wannan, ina fata ya karɓa.

Labari bai ɓuya ba. Yaran layi suka samu abin waƙa, suna wucewa ta bayan katanga suna kiran gidan biri. Wata rana Uwani ta tambaye ni, da gaske take, ko wutsiya za ta fito mata. Na ce mata in ta fito zan ɗaura mata ƙararrawa in riƙa yawo da ita kasuwa, mu sami na goro. Ta yi dariya har bakinta ya yi jini, na yi nadamar ba ta dariyar. Don in ɗauke mata hankali na sa aka miƙo mini ƙaramar rediyon Malam. A nan ne na fara jin yadda abin yake a wasu wurare. Ana ambaton Kwango da ƙasashen da ke kewaye da ita, ana cewa a can yara ne suka fi kwanciya, kuma ƙanana ne suka fi mutuwa, musamman waɗanda yunwa ta riga ta raunana. Ana ambaton wasu ƙasashe na nesa inda aka ce manya ya fi kamawa, amma yara da 'yan samari ba su tsira ba. Taswirar da mushe, wato malaminmu, ya sa mu zana a kwaleji ta dawo mini, na riƙa bin ta a raina, kogi bayan kogi, ina tunanin a kowane gari akwai wani ɗakin baya, da wata tsohuwa mai lamba tana tsaye a bakin ƙofa. Na gaya wa Uwani ba ita kaɗai ba ce, akwai yara irinta a ƙasashe da yawa, kowa a ɗakinsa. Ta ce su nawa ne. Na ce ban sani ba. Ta ce in tambayo.

Da majo ta zo duba ta na tambaye ta. Ta ce babu wanda zai iya gaya mini gaskiyar adadin, ko manyan likitocin duniya. Waɗanda ake ƙidayawa su ne waɗanda aka kai likita, aka gwada, amsa ta dawo. Sauran kuwa an kira su ƙaranbau an shafa musu toka, ko an ɓoye su don kunya, ko suna ƙauyen da mota ba ta zuwa. Na gaya wa Uwani cewa suna da yawa har ba a iya ƙirga su. Tun daga ranar, in na ɗiga mata kunu ta ƙi, sai in ce yaran Kwango sun shanye nasu, sai ta buɗe baki.

Ƙurajen sun fara bushewa ke nan, wata rana da hantsi, na ji takun Malam ba a lokacin salla ba. Ya tsaya wajen dutsen ya ce an tafi da Rabi matanite, wato asibitin haihuwa. Ban san lokacin da na cire safa na jawo mayafi ba. Na ratsa tsakar gida, Malam ya kauce mini, na shiga zaure, har na sa hannu a ƙofar waje. Ina jin kabu-kabu yana wucewa a layi, kira ɗaya zan yi. Na ce a raina zan yi wanka da jabel, zan tsaya daga taga, ba zan taɓa kowa ba, muryata kawai za ta ji. Amma na san kaina. Na san in na ji ta kira ni, babu tagar da za ta tsayar da ni, kuma in aka miƙo jariri hannuna zai karɓa kafin hankalina ya hana. Na dubi hannun nan da ya wanke zanen Uwani da safe. Na daɗe a zauren, ban fita ba, ban koma ba, har Malam ya zo ya tsaya a bayana. Daga baya na cire mayafin na koma ɗaki. Uwani tana zaune tana kallon ƙofa, ta ga na shigo, ta kwanta ta juya fuska bango. Na zaci ba ta fahimci komai ba.

Kafin azahar Yaya Hajo ta kira ta ce an samu namiji, uwa da ɗa lafiya. Na yi sujada a kan siminti. Na tambaye ta ko Rabi ta kira ni. Yaya Hajo, da ba ta iya ɓoye magana ba tun da aka haife ta, ta ce ta kira mana, har ungozoma ta tambaya ko uwar ta rasu ne. Ita ce ta yi mata wankan jego da itacen da na tara, ita ta dama mata kunun kanwa. Ranar suna aka aiko mana da soyayyen nama a kwano aka ajiye a kan dutse. Yaron aka sa masa sunan Malam, shi ne Abba da kuka sani.

Amsar gwaji kuwa ba ta zo da komai ba. Majo ta ce abin da aka ɗiba ya lalace a hanya saboda zafi, ba a iya karanta shi ba, kuma a lokacin ƙurajen sun riga sun bushe. Ta ce ita a ganinta shi ne, amma ba za ta iya rubutawa ba. Ke nan Uwani ba ta shiga ƙidayar yaran duniya da take tambaya ba. Da labarin ya kai Zango, Rabi ta kira ni, karo na farko tun tafiyarta.

«Ashe ma ba ku tabbatar ba, Inna.»

«Ba mu tabbatar ba.»

«To. Allah ya ba da lada.»

Ta gama arba'in ɗinta a Zango, ta zo ta yi mana sallama a tsaye, ta koma kudu. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, kada wani ya gaya muku haka. Tana kira, tana aike, tana tambayar ƙafata. Amma akwai wata murya da 'ya take yi wa uwarta in ta gaji da duniya, wannan muryar ta daɗe ba ta yi mini ita ba, kuma cikin da ta yi bayan Abba ba ta zo gida ba. Ban ga laifinta ba. Ta roƙi abu ɗaya, na yi alkawari, ban cika ba. Har yau nakan tashi daga zaune in zaga tsakar gida ina sake auna abin: in ƙaranbau ce, na hana 'yata hannuna a banza. In kuwa shi ne, to Abba da ke gudu yana fasa mini tukwane shi ne amsar. Babu wanda zai zo ya raba mini wannan gardama, kuma na daina jira. Abin da na sani shi ne, da za a mayar da ni zauren nan, hannuna a kan ƙofa, zan sake cire mayafin.

Ranar da majo ta ce ɓawon ƙarshe ya faɗi, na yi wa Uwani wanka a tsakar gida, a fili, rana tana dukanmu. Za a kai ta Zango ta ga ƙanenta. Idon ya tsira, amma tabo ya zauna a goshi da kumatu da bayan hannu, fari-fari a lokacin, kafin ya yi duhu. Ina shafa mata man kaɗe ina bin su ɗaya bayan ɗaya, ina tunanin ranar da za ta girma ta tsaya gaban madubi, ina tunanin Yaya Hajo. Na yi ɗaurin ƙirji don wankan, damtsena a waje. A zaman ɗakin nan ta sha tambayata labarin lambar, na sha ba ta, har da yadda aka jawo ni ta ƙafa daga ƙarƙashin gado. Sai na ji ɗan yatsanta mai maiƙo a kan tabon. Ta dube shi, ta dubi bayan hannunta, ta jera su kusa da juna.

«Inna,» ta ce, «in jaririn ya kamu, ke ki tafi wurin Mama, tana kiranki. Ni zan shiga ɗakin. Lambata ta fi taki yawa.»